Littafi Guda, Hannu Da Yawa: Tarihin Kundin Gajerun Labarai A Hausa

Akwai wani irin littafi da masu karatun Hausa ba su cika nema a kasuwa ba, su ma 'yan kasuwar ba su cika ajiye shi ba. Shi ne wanda za ka buɗe ka tarar da labarai goma sha biyar ko ashirin, kowanne da marubucinsa, kowanne kuma da inda ya dosa: wannan na soyayya, na gaba da shi na ɓarayi, na bayansa na aljanu, can kuma ga na yaƙi. Kundin gajerun labarai ke nan, wasu su ce littafin haɗaka. Wanda ya saba da littafi na ɗaya, na biyu, na uku har zuwa kammalawa, in ka miƙa masa irin wannan sai ya ce an yi masa rowa. Yana fara sabawa da yarinyar da ke cikin labarin, ya juya shafi, sai ya ga an rufe, an jefa shi wani gari cikin mutanen da bai taɓa gani ba.

Abin mamakin shi ne, littattafan labari na farko da aka buga da Hausar boko irin wannan ne. Tun kafin Ruwan Bagaja, tun kafin a san wani abu wai shi ƙagaggen labari mai tsawo, abin da ake da shi tarin labarai ne daga bakuna da hannaye masu yawa. Yadda aka yi muka fara da shi, sannan aka wayi gari ya zama baƙo a gidansu, shi nake so mu bi diddiginsa a wannan watan, domin a ganina asarar ba ta tsaya ga marubuta ba, ta shafi har masu shirya fim.

Mu fara da Dorugu. Yaro ne Bahaushe daga wani ƙauye da ke cikin ƙasar Nijar ta yau. An kama shi bawa, ya faɗa hannun Turawan nan masu yawon binciken ƙasa a Kukawa ta Borno, suka 'yanta shi. Ya bi Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdulkarim, har Tambutu, a 1855 kuma Barth ya tafi da shi Ingila tare da abokinsa Abbega. A can ne wani ɗan mishan Bajamushe mai suna J.F. Schön ya zaunar da shi, yana faɗa shi kuma yana rubutawa. Abin da ya fito daga wannan zama, haɗe da wasu abubuwan da Schön ya tara, shi ne Magana Hausa na 1885. A ciki akwai tarihin rayuwar Dorugu da tafiye-tafiyensa, akwai tatsuniyoyi, akwai karin magana. Sunan Schön ne a bango. Shi kuwa Dorugu ya dawo gida, ya rasu a Kano a 1912.

Babban kundin dai shi ne na Frank Edgar, kuma a kansa nake so in ɗan daɗe. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Rasdan na farko da aka ajiye a can shi ne Manjo John Alder Burdon, mutum mai jin Hausa da son tara labarai. Ya sa malamai suna rubuta masa tatsuniyoyi da labaran mutanen da da ajami, har takardu suka taru jibgi. Wajen 1910 ya damƙa su ga Edgar, shi ma jami'in mulki ne, wanda ya zauna ya juya su zuwa boko, ya ƙara da waɗanda ya tara da kansa. Aka buga su a birnin Belfast da sunan Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, na ɗaya da na biyu a 1911, na uku a 1913. Ba don Bahaushe aka buga ba fa. A lokacin 'yan bokon Arewa ba su taka kara sun karya ba, makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano ma sabuwa ce fil. An yi shi ne don Turawan mulki masu koyon Hausa su sami abin karantawa.

To amma duk wanda ya sami sa'ar riƙe shi a laburare ya san sunan littafin ya rage masa daraja, don abin da ke ciki ya wuce tatsuniya nesa ba kusa ba. Ga Gizo da Ƙoƙi da makircin da ba ya ƙarewa, ga Kura da kwaɗayinta, ga Dila malamin daji. Kana cikin wannan sai ka faɗa labaran barkwanci irin na tsokanar juna tsakanin ƙabilu, Bamaguje da Bafillace da Bagwari kowa ya sha nasa. Ka ƙara gaba ka tarar da malamin da ya ci amanar ilminsa, ko matar da ta yi wa miji da kwarto wayo a dare guda, wasu ma an faɗe su ɓaro-ɓaro yadda ba za ka iya karanta wa surukinka ba. Akwai irin labaran nan da ba a yanke musu hukunci, sai a kawo ƙarshe a jefa wa mai sauraro tambaya, a ce cikin mutum ukun nan wa ya fi. Sannan ga tarihi: Kanta na Kabi, Bawa Jangwarzo na Gobir, Shehu Usmanu da Sarkin Musulmi Bello, kamar yadda Sakkwatawa ke bayar da su a lokacin da waɗanda suka ga jikokin mutanen suna raye. Karin magana da kacici-kacici da batutuwan addini su ma suna nan.

Karanta shi kamar a zamanin kaset ne ka sayi guda ɗaya, ka je gida ka tarar an ɗauki finafinai barkatai a ciki, na ban dariya, na ban tsoro, na tarihi, ba tare da an gaya maka wane ne darakta ba. Kunnenka ne kawai zai gaya maka hannu ya canza. Wani malamin gajeren numfashi ne da shi, jimla uku ya kai ka ƙarshe. Wani kuma mai son ado ne, sai ya tsaya ya siffanta maka doki da kayan da ke kansa. Wani ba ya iya barin labari ya wuce bai liƙa masa wa'azi a wutsiya ba. Hausar kanta ta Sakkwato ce ta fi yawa, da lafazin da Bakano zai tsaya ya sake karantawa. Nan daɗin kundin haɗaka yake: mai karatu ba ya zama ɗan kallo kawai, dole ya zama alƙali, yana auna wannan da wancan, yana cewa wannan ya iya, wancan ya ɓata rawarsa da tsalle.

Sai dai alƙalin nan bai san wa zai yaba ba, tunda labaran ba su zo da sunan mai su a kansu ba. Abin ma hawa biyu ne. Malamin da ya riƙe alƙalami ya ɓace a bayan Edgar, sannan wadda ta ba malamin tatsuniyar ta ɓace a bayan malamin. Kowa ya san a gidan Bahaushe tatsuniya sana'ar mata ce, kaka ko goggo ce ke yin ta da dare bayan an ci tuwo. Ka ga ke nan mace ta faɗa, namiji ya rubuta, Bature ya buga, wani Baturen ya karanta. Shekaru fiye da hamsin bayan haka Neil Skinner ya fassara kundin zuwa Ingilishi da sunan Hausa Tales and Traditions, na ɗaya a 1969, sauran biyun a 1977. Shi ne ya yi aikin da edita ke yi, ya ware labaran dabbobi gefe, na maza da mata gefe, na tarihi gefe. Ya sauƙaƙa wa manazarta, ko da yake ni dai na fi jin daɗin hargitsin na asali, inda ba ka san abin da ke jiran ka a shafi na gaba ba.

A wannan shekara ta 1913 wani Baturen, R.S. Rattray, ya ɗan yi adalci. A ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, ya sa wani malami Bahaushe, Malam Shaihu, ya rubuta masa tatsuniyoyi da al'adu da karin magana. Da ya tashi bugawa sai ya ambaci sunan Malam Shaihu a littafin, ya kuma bar rubutun ajamin yadda yake a ciki. Wannan ya nuna ko a wancan zamanin sa suna ba gagara ya yi ba.

Daga nan sai akalar ta juya. A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zagaya garuruwa yana neman malamai su ƙago labari mai tsawo, irin wanda zai cika littafi shi kaɗai. Abin da gasar ta haifa kowane ɗan makaranta ya haddace: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin. A nan ne marubucin Hausa ya sami sunansa a bango, amma ya same shi ne ta ƙofar dogon labari. Tun daga ranar, a wurinmu marubuci shi ne mai littafi nasa na kansa. Ko da yake in ka duba Ruwan Bagaja da kyau, gajerun labarai ne aka jera, Alhaji Imam ya rama wa Malam Zurƙe a wannan gari, Zurƙe ya rama masa a wancan, neman ruwan shi ne zaren da ya ɗinke su.

Wannan dabarar ta zare ita Imam ya kai ƙarshenta a Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939. A 1936 aka ɗauko shi daga Midil ta Katsina zuwa Zariya, East ya tara masa littattafai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya karanta, ya juye su cikin tukunyar Hausa. Labarai fiye da 80 ne, asalinsu daga hannaye daban-daban, akwai na Dare Dubu Da Ɗaya, akwai na 'yan'uwan nan Jamusawa Grimm. Kalala da Kalalatu da muke dariyarsu tun muna firamare, daga Jamus tushensu yake. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya bi sawun irin waɗannan a littafinsa Adabin Abubakar Imam. Wato Magana Jari Ce shi ma kundin haɗaka ne, sai dai ya sa babbar riga ya naɗa rawani. Imam ya gane ƙorafin da na faɗa a farko, cewa mai karatu ba ya son a yi ta sauke shi a tasha, don haka ya ba shi direba guda, wato Aku. A littafi na ɗaya akun yana jan Musa ɗan Sarki da labari don ya hana shi fita, a na biyu gasa yake da wani akun, a na uku yana koyar da ɗansa Fasih. Ko wane irin labari aka shiga, kana da wanda ka sani a kusa da kai.

Gwaninta ce da ba a yi kamarta ba, shi ya sa ma gidan talbijin na NTA Kaduna ya mayar da shi wasan kwaikwayo a shekarun 1980, su marigayi Ƙasimu Yero suka fito a ciki. Amma ina zargin nasarar tasa ta sangarta mu. Ta koya mana cewa gajeren labari ba ya tsayawa da ƙafarsa sai an rataye shi a jikin wani babba, kuma murya ɗaya ta isa ta faɗi komai.

Shekarun Kamfanin Gaskiya da NORLA da NNPC ba su canza wannan ba. Ba wai babu labarai kala-kala ba ne, akwai su. Tanko Zango ya yi Da'u Fataken Dare na 'yan fashi, Ahmadu Ingawa ya yi Iliya Ɗan Maiƙarfi na jarumtaka, Umaru Dembo a 1969 ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Kowanne dai a ɗakinsa yake shi kaɗai. Gasar NNPC da ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta a 1980, cikakken littafi ta nema. Haka ta gwamnatin tarayya da ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya a 1982. Gajeren labari sai ya koma ɗan haya a shafukan jaridu da mujallu da shirye-shiryen rediyo. A karanta shi yau, gobe a ƙunshe ƙosai da shi.

Da guguwar littattafan soyayya ta taso daga tsakiyar shekarun 1980, wadda aka yi ta rigima a kan kiran ta Adabin Kasuwar Kano, sai lissafin kuɗi ya ƙarasa abin da ya rage. Marubuci ko marubuciya ce ke biyan maɗaba'a daga aljihu, ta kai wa 'yan kasuwa, kuɗin littafi na ɗaya su buga na biyu. Don haka dole a yanke labari a daidai inda numfashi ya tsaya, a ce mu haɗu a littafi na gaba. Mai shagon haya ma haka yake so, littafi huɗu kuɗin haya huɗu. Mai saye kuma suna take bi: ta ga Balaraba Ramat Yakubu ko Bilkisu Funtuwa ko Ado Ahmad Gidan Dabino a bango, ta san abin da za ta samu. To a wannan kasuwar wa zai zuba kuɗinsa a littafin mutum goma sha biyar? Wa za a bi bashi, kuma yaya za a raba ribar? Ko ƙungiyar Raina Kama, da ta haɗa kan marubuta har suna jera sunayen littattafan juna a cikin nasu, haɗakar talla ta yi, ba ta rubutu ba. Ba na daga cikin masu zagin wannan zamani, domin shi ya sa dubban mata karatu da rubutu. Amma duk abin da ba a tabbatar zai sayu a kashi uku ba, ba a gwada shi. Shi ya sa labarin binciken laifi da na ban tsoro da na kimiyya suka tsaya a hannun tsirarun mutane irin su Nazir Adam Salih, alhali a kundin haɗaka marubuci zai iya gwada sabon abu a shafi takwas, in ya faɗi bai karye ba.

Don mu ga yadda abin yake in an yi shi da sunaye, mu leƙa maƙwabta. A 1985 Chinua Achebe da C.L. Innes suka fitar da African Short Stories a kamfanin Heinemann, labarai 20 daga marubuta 20, an jera su shiyya-shiyya: yamma, gabas, arewa, kudu. Jomo Kenyatta ya zo da tatsuniya tsantsa, ta mutumin da ya bar Giwa ta sa hancinta a bukkarsa saboda ruwan sama, ta ƙare da kore shi, manyan dawa kuma suka kafa kwamitin bincike da babu mutum a ciki. Ba sai an gaya maka da mulkin mallaka yake ba. Achebe ya kawo mutumin da ya tsira daga yaƙin Biyafara, ya karɓi fam 20 daga gwamnati, ɓarayi suka zo da dare suka karɓe. Ɗayyib Salih na Sudan ya kawo yaron da ke ganin kakansa kamar waliyyi, har ranar da ya ga yadda kakan ke cinye gonar dabinon maƙwabcinsa da bashi, yaron ya sa yatsa a maƙogwaro ya amayar da dabinon da ya ci. Dambudzo Marechera na Zimbabuwe kuwa wani abu ya rubuta mai kama da mafarkin mai zazzaɓi. In ka karanta na Kenyatta sannan ka shiga na Achebe, sai ka ga kowanne ya ƙara wa ɗan'uwansa nauyi: wancan ɓarayin waje, wannan na cikin gida. Wannan aikin edita ne, shi ne ya san wa zai zauna kusa da wa.

Akwai labari ɗaya a ciki da ya shafe mu kai-tsaye, The Will of Allah na David Owoyele. Ɓarayi biyu ne, Sule da Dogo, ɗaya ɓarawo mai yawan ambaton Allah, ɗayan kuma ba ruwansa. Ba su yarda da juna ba ko na sisin kwabo. A wani dare mai hadari suka sato gora suna zaton dukiya ce, ashe gidan gardi suka shiga, kumurci ne a ciki. Wanda ya fara zura hannu ya sha sara, ya haɗiye zafin ya yi shiru, don kada abokin nasa ya tsira. Labarin mutanenmu ne, da sunayenmu, da irin baƙar dariyarmu, amma da Ingilishi aka rubuta shi. A kundin nan an fassaro daga Larabci, an fassaro daga Faransanci da harshen Fotugal, ba a fassaro ko ɗaya daga Hausa ba. Kafin mu yi fushi da Achebe, mu tambayi kanmu a wane kundi zai je ya ɗauko a 1985.

Ƙungiyoyin marubuta da masu shirya gasa sun yi ta fitar da 'yan kundaye nan da can daga baya, sai dai yawancinsu a wurin ƙaddamarwa ake ganin su, ba sa kai wa teburin ɗan kasuwa. Abin da ya girgiza fagen da gaske shi ne Hikayata, gasar da sashen Hausa na BBC ya ƙirƙiro a 2016, ta mata zalla, labari tsakanin kalmomi 1,000 da 1,500. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashewa da Sansani, labarin 'yan gudun hijira. Maimuna Idris Sani Beli ta ci ta 2017 da Bai Kai Zuci Ba, Maryam Umar ta ci ta 2020 da Rai Da Cuta a shekarar korona, a 2022 kuma Amira Souley ta kai kambin Nijar da Garar Biki. Mai bin tarihin nan tun daga Edgar dole ya lura da abin da ya faru: matan da aka ɗauki tatsuniyarsu ba suna, jikokinsu ne ake kiran sunansu a rediyo duniya na ji. Iyakar kalmomin ma alheri ce, ta tilasta wa waɗanda suka saba da shafi ɗari uku su koyi zubar da kitse.

Inda nake da ja shi ne, in ka saurari labaran da suka yi fice a jere, za ka ji kusan kogi ɗaya suke sha: auren dole, fyaɗe, saki, maraici, talauci. Duk gaskiya ne, duk suna faruwa, kuma wajibi ne a rubuta su. Amma mai shiga gasa yana duba abin da ya ci bara ne ya auna nasa, a haka sai a wayi gari an sami marubuta da yawa, labari kuwa iri ɗaya. Malaman Burdon da ba su san wata gasa ba sun fi mu yawan kala. Ina barkwancin? Ina labarin da za a rufe da tambaya a bar mutane suna musu a majalisa? Ina aljanu, ina ɓarayi?

Nan ne maganar ta iso industiri. Da finafinanmu na bidiyo suka kafu a shekarun 1990, daga dogayen littattafai suka fara ɗiba: In Da So Da Ƙauna, Ki Yarda Da Ni, Alhaki Kwikwiyo. Duk wanda ya karanta littafin sannan ya kalli fim ɗin ya san matsalar, dole a datse, a zubar da mutane, a haɗe shekaru, mai karatu ya tashi yana cewa an ɓata masa labari. Gajeren labari kuwa fili yake ba darakta, don abu ɗaya ne a cikinsa, sai yadda ka ga dama ka shimfiɗa shi. Manyan daraktocin duniya sun daɗe da gane haka. Alfred Hitchcock ya yi Rear Window a 1954 daga gajeren labarin Cornell Woolrich. Sembene Ousmane na Senegal, wanda labarinsa na malamin ƙarya ne ya buɗe kundin su Achebe, daga wani gajeren labarinsa ya yi La Noire de... a 1966, na yarinyar da aka kai aikatau Faransa, fim ɗin da ya fito da sinimar baƙar fatar Afirka idon duniya.

Ko Indiyawan da muke kwaikwayo ba waƙa da rawa kaɗai suke yi ba. Raincoat na 2004, wanda Ajay Devgan da Aishwarya Rai suka fito, daga gajeren labarin O. Henry na Amurka aka samo shi, haka ma Lootera na 2013. Sun ma mayar da kundin kansa fim. A Darna Mana Hai na 2003, abokai ne motarsu ta lalace a daji da dare suka zauna suna ba juna labaran ban tsoro, ka ga dabarar Akun Imam ke nan sak. A Bombay Talkies na 2013 daraktoci huɗu ne, Karan Johar da Dibakar Banerjee da Zoya Akhtar da Anurag Kashyap, kowa ya kawo nasa gajeren fim aka haɗa a faifai guda. Mu kuwa da kasuwar faifai ta mutu sai muka koma finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So, wato littafi na ɗaya, na biyu, na uku ya dawo ta allon waya.

Furodusan da ke kukan babu labari, ya ɗauki na Sule da Dogo ya lissafa abin da zai kashe: 'yan wasa biyu, dare ɗaya, ruwan sama, gora ɗaya, sai gardi da macijinsa. Ko ya shiga kundin Edgar ya zaɓi labarai huɗu, ɗaya na dariya, ɗaya na tsoro, ɗaya na tarihi, ɗaya mai ƙarewa da tambaya, ya raba wa daraktoci huɗu. Na Edgar ba a san masu su ba, ba wanda zai biyo shi. Amma na Owoyele da na matan Hikayata suna da masu su, sai an nemi izini an biya, an kuma rubuta sunan mai labari a allo, ba irin wankin da aka saba yi wa finafinan Indiya a yi shiru ba. Akira Kurosawa na Japan daga gajerun labarai biyu na Ryunosuke Akutagawa ya gina Rashomon a 1950, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Venice a 1951. Akutagawa ya rasu tun 1927, shekara 23 kafin fim ɗin, amma sunansa na nan a rubuce a farkonsa.